Almakashin Ermelinda

A Matosinhos, inda teku ke riga agogo tashinmu,
shekara ashirin da shida ina shugabancin ɗakin yanka,
muna jera sardin cikin gwangwani da hannu, kai da wutsiya.
Sunana Custódia. Ƙarnin kifi na bi na har coci,
na daɗe da daina ba mutane haƙuri.

Ran da gwiwa ta kayar da Ermelinda,
ta rataye almakashinta a ƙusa, ta ce, "Nemo mai hannu."
Ɗan mai kamfani ya sauko da takardu goma sha tara,
ya ja layi ƙarƙashin magana guda:
a ɗauki wadda ta dace da gidan nan.
Na ce to. Na ɗauka na gane:
'yar unguwa, mai irin dariyarmu, mai cin abin da muke ci.

Na ɗauki Zulmira, jikar maƙwabciyata.
Ta san kowa da sunan kakarsa,
ta san wa ke gaba da wa tun bikin bara.
Mako bakwai ta yi.
Agusta ya zo, jirage suka yi ambaliya, muka kai dare,
na waiga, benci wayam, rigar aiki a ƙasa.
Hali zanen dutse ne,
ni kuwa fenti na tsaya dubawa.

Sai ga Bimala, mutuniyar Nepal,
kalmominta na yarenmu ba za su cika gwangwani ɗaya ba.
Ba ta cin kifi. A gidan kifi!
Mata suka kwashe da dariya har da riƙe ciki.
Na ba ta gwajin kwana uku, don kar a ce na hana.
Rana ta biyu ina bayan tukunyar tururi, ba ta gan ni ba.
Idalina, wadda hannunta ya fara rawa, aiki ya taru mata.
Bimala ta janyo rabin kwandon, ta yanke, ta jera,
ta tura mata a hankali,
ba ta ɗaga kai neman shaida ba.
Da yamma ta durƙusa ta wanke magudanar
da kowa ke tsallakewa kamar bai gani ba.
Na sauke almakashin daga ƙusa.

Amma kamun kifi daban, riƙe shi a hannu daban.
Bayan wata tara ta zo da takarda a ninke:
wani katafaren sito a Maia, kuɗi ya fi namu, babu ƙarni.
Ban yi mata wa'azin amana ba. Amana ba ta biyan haya.
Na ce, "Ban da kuɗin, me ke cizonki?"
Ta nuna agogo. Ɗanta na tashi makaranta ƙarfe huɗu,
yana zama bakin ƙofa cikin ruwan sama har shida.

Na hau bene ban cire takalmin roba ba.
Ɗan mai kamfani ya ce lokacin tashi doka ce tun zamanin kakansa.
Na ce, "Kakanka na sani.
A ƙarƙashin teburinsa na yi barcin jarirantaka, cikin kwandon kifi,
uwata na yanka tana jijjiga ni da ƙafa.
Wannan ce dokar gidan. Sauran tawada ce."
Ya daɗe yana kallon jiƙaƙƙen sawuna a kan dardumarsa.

Yanzu Bimala na shiga shida, ta fita uku da rabi.
An ƙara mata wani abu, bai kai na Maia ba, ta sani, na sani.
A teburin rana akwai tukunyar wake mai barkono
da ke sa Idalina hawaye tana neman ƙari.

Jiya an sake sauko da takardu, ashirin da biyu.
Na ɗora su a kan taga, na danne da dutsen wasa wuƙa.
Gobe duk wadda ta zo, kusa da Idalina zan zaunar da ita,
in koma bayan tukunyar tururi.